Lamba Biyu Ta Kai Ni Bauchi

Ana fitowa daga sallar asuba muka bar Misau ranar Talata, ni da abokiyar karatuna, wata ungozoma da ban taɓa ganin hankalinta a tashe ba. Ita ta riƙo kular abinci da lema. Ni kuma na rungumo jaka mai takardu ɗari biyu da goma sha biyu, na naɗe su a leda na ƙara da zane, don damina ta kankama kuma hadari ya haɗo ta gabas. Direba ya miƙo hannu zai sa jakar a but tare da buhunan masara, na ce masa sai dai in ni zai sa a but ɗin, jakar ta zauna a kujerata. Ya dube ni ya ce, "Hajiya, takardun gida ne?" Na ce masa sun fi gida.

Waɗanda suka daɗe suna bibiyata a nan sun san ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin ƙauye, kuma shekara huɗu ke nan ina jan karatun digiri na biyu, ga aiki ga raino. Bincikena bai wuce tambaya ɗaya ba: kwana nawa uwa take yi da yaro mai zazzaɓi a gida kafin ta kawo shi asibiti, kuma ko nisan ƙauye yana ƙara jinkirin. Wata shida na yi ina tambayar duk uwar da ta shigo, ina cike takarda da hannuna. Da na gama sai na ari kwamfutar wani abokin aiki, na zuba lambobin a manhajar ƙididdiga, ina kallon bidiyon koyarwa a waya ina danna duk inda mai bidiyon ya danna. Jadawali suka fito reras, na kwafe na aika wa malamin da ke duba aikina, ina ta jin kaina.

Juma'ar da ta gabaci tafiyar nan ya kira ni. Ya ce, "Malama, kin kuwa duba takardun nan? Fiye da rabinsu amsa ɗaya ce, biyu, biyu, biyu. Ni na san ki, amma kwamiti bai san ki ba. Cewa za su yi gindin bishiya kika samu kika cike su da kanki." Ya ce in tafi Yelwa a Bauchi, inda masu aikin ƙididdiga suke, a tona mini bayanan a ga abin da ke ciki. Ranar da muka tashi saura kwana goma sha uku wa'adina na ƙarshe ya cika, kuma wanda aka kama da ƙirƙirar bayanai ba gyara ake ba shi ba, korarsa ake yi. Allah ya sani ko lamba ɗaya ban ƙirƙira ba, amma ban san ta yadda zan tabbatar wa wani ba. Tun Juma'ar nan abinci ya daina yi mini daɗi.

Hanyar Misau zuwa Kari ta yi kore shar. Gero ya fitar da kai, wake ya yaɗu a ƙarƙashinsa, manoma sun riga mu fitowa. Da wata rana ce da na cika wayata da hotuna, amma ni idona a waje yake, hankalina yana cikin jaka. Mutanen mota suka kama hirar tsadar taki da kuɗin mota, wanda ya kusa ninka na bara, kowa yana da wanda yake ɗora wa laifi. Direbanmu kuwa ya san kowane rami da sunansa, yana kauce wa wannan yana faɗawa wancan, duk lokacin da muka faɗa sai ya ce, "Sannunku," kamar wani ne ya tura mu.

A Darazo muka tsaya. Kafin mota ta gama tsayawa masu talla sun rufe tagogi, ga dafaffiyar masara, ga gyaɗa mai gishiri, ga awara tana turiri. Abokiyar tafiyata ta sayi kowanne, ga kuma kular da ta taho da ita. Ta miƙo mini masara na ce na ƙoshi. Ta ce, "Ki ci, kwamiti ba zai tausaya miki don kin rame ba." Na karɓa na riƙe a hannu har Soro, inda garken shanu ya tare hanya muka yi cirko-cirko, makiyayin yana tafe abinsa ko waiwaye bai yi ba. Ni dai lissafi nake yi a zuci: in an kore ni, me zan ce wa maigidana da ya yi shekara huɗu yana kai ni tasha, kuma da wane ido zan dubi abokan aiki da tun yanzu suke kirana Dakta don tsokana.

Da duwatsun Bauchi suka fara bayyana gabana ya yanke ya faɗi, sai ka ce kwamitin a kansu yake zaune. Kafin azahar muka sauka a tasha, muka ɗauki keke zuwa Ƙofar Wambai, gidan gwaggona, ƙanwar mahaifina. Lungunan unguwar suna nan yadda na san su, matsattsu, ga tela ga mai gyaran takalmi ga mai niƙa, kowa ya ɗan ci gefen hanya. Rabona da gidan shekara uku. Ina yin sallama Gwaggo ta ɗago daga kan tanda ta ce, "Maraba lale! 'Yar nan, kwana biyu!" Na ce, "Wallahi kuwa Gwaggo, kwana biyu." Ta zuba mana masa mai zafi da miyar taushe. Duk wanda ya ce masar Bauchi suna ne kawai bai ci ta Gwaggo ba, amma uku na iya ci, abokiyata ta taimaka mini da sauran.

Da la'asar muka nufi Yelwa. Tafiya ce mai ɗan nisa a keke, kana barin tsohon gari sai ka ga shiga ta canza, harshe ya canza. Ɗalibai ko'ina, wasu da jaka a baya wasu da fayil a hammata, ana Hausa ana Turanci ana wasu harsunan da ban iya rabewa ba. Shagunan kwamfuta a jere, kowanne da injinsa yana ruri a ƙofa don an ɗauke wuta, kowanne ya rubuta a allo cewa yana aikin ƙididdiga.

Shagon farko da muka shiga, mai shi wani mutum ne mai fara'a da saurin baki. Ya sa filashina a kwamfuta, ya gangara da lambobin sau ɗaya, ya ce, "Hajiya, wannan ai ba matsala ba ce. Biyun ne suka yi yawa, sai mu baza su. Wasu mu mai da su huɗu, wasu shida, wasu tara. Kafin magariba komai ya fito yadda malaminki yake so." Ba zan yi muku ƙarya ba, maganar ba ta ba ni ƙyama ba, tunaninta na shiga yi. Mai kwana goma sha uku a hannu, komai aka ce mata sai ta saurara. Abokiyata ce ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na zare filashina na ce za mu dawo. A waje ta ce, "An ce kin ƙirƙira ba ki ƙirƙira ba, shi ne kika zo Bauchi ki ƙirƙira da gaske?"

Wata ɗaliba da ta ji muna magana ita ta nuna mana wani ɗan shago a bayan layi, ta ce mu nemi Madam. Madam 'yar Kudu ce, dattijuwa mai tabarau a kan hanci, ta karanta ƙididdiga a jami'a, ta fi shekara ashirin a Bauchi. Hausarta tana gudu, sai dai a wurinta mace da namiji duk "ka" ne. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Sista, ka zo gobe da safe, ka kawo takardu na asali duka. Ni ba na aiki da filash kawai." Na tambaye ta ko abin zai gyaru. Ta ce ba ta sani ba sai ta gani, kuma wannan amsar ce na koma da ita Ƙofar Wambai ina juyawa.

Laraba ƙarfe takwas muna ƙofar shagon, mun riga ta zuwa. Ta buɗe, ta tayar da inji, ta ajiye mini kujera kusa da tata. Na zaci nan take za ta danna wani abu gaskiya ta fito. Sai ta ce, "Kafin mu tambayi kwamfuta komai, sai mun share ɗaki." Sharar ɗakin ita ce mu bi takardun ɗaya bayan ɗaya, ina karantawa tana duba abin da na shigar. Awa biyu muka yi a kan haka.

Ashe kuwa ɗakin da datti. A wani wuri uwa ta ce kwana bakwai, yatsana ya danna sau biyu na rubuta saba'in da bakwai. Madam ta nuna mini yadda lambar nan guda ɗaya da ta fita zakka ta ja matsakaicin gaba ɗaya sama. Matsakaici, in ji ta, shi ne a tara kwanakin kowa a raba da yawan mutanen, saboda haka mutum ɗaya mai babbar lamba yana iya jan kowa. Akwai kuma na tsakiya: a jera matan a layi daga mai ƙarancin kwanaki zuwa mai yawa, a je wurin wadda ta tsaya a tsakiyar layin a ɗauki nata. Wannan ko ta ƙarshen layi ta ce shekara ta yi, ba ya motsi. Na uku shi ne amsar da ta fi kowace maimaituwa. Shekara huɗu ina haddace waɗannan ukun don jarrabawa, sai ranar na gane ba sunaye uku ne na abu ɗaya ba.

Sai ta tarar da wuraren da uwa ba ta ba da amsa ba, ni kuma na cike gurbin da sifili don kada ya zauna fayau. Ta cire tabarau ta dube ni. "Sista, sifili lamba ne. Ka gaya wa kwamfuta wannan mata ya kawo yaro ranar da ciwo ya fara. Ban sani ba daban, sifili daban." Ta goge su ta bar guraben a buɗe, ta sanar da manhajar cewa nan babu amsa. Duk kuskuren da ta gano sai in ce a raina in na kasa waɗannan ƙanana, wa zai yarda da ni a kan babban.

Da muka gama shara ta sa manhajar ta zana hoton amsoshin, kowace lamba da sandarta, tsawon sanda gwargwadon yawan matan da suka faɗe ta. Hoton ya fito. Sandar lamba biyu ta miƙe ita kaɗai kamar giginya a tsakiyar gonar gyaɗa, sauran duk suna ƙasa. Ɗaya kaɗan, uku kaɗan, sai 'yan tsiraru a bakwai da goma sha huɗu. Na tsakiya biyu, mafi maimaituwa biyu. Madam ta ce amsoshin mutane na gaske sukan bazu, su tashi a hankali su sauka a hankali, ba sa taruwa wuri ɗaya haka. Ta gwada alaƙar nisa da jinkiri, manhajar ta ce babu wata alaƙa da za a riƙe, ɗan bambancin da aka gani zai iya zama dace kawai. Ni kuwa na san matan ƙauyukan nesa na tsallaken rafi, na san a yanayin da suke kawo mini 'ya'yansu.

Ta juyo ta tambaye ni ba tare da kwana-kwana ba, "Kai ka cike takardun nan a gida?" Abin da na yi ta tsoro tun Juma'a ke nan, ga shi ya fito daga bakin wadda na zo neman taimakonta. Hawaye suka cika mini ido. Na rantse mata da Allah kowace takarda akwai mace a bayanta, da goyonta, a gaban teburina. Ta kalle ni, sannan ta ce, "To. Ka manta takarda. Ni ne matan, na shigo da yaro. Ka tambaye ni yadda kake tambaya, da Hausa."

Na gyara zama na ce, "Sannu. Tun yaushe yaron ba shi da lafiya?"

Ta ce, "Su kuma suna ce me? Ka faɗa da bakinsu, ba da lamba ba."

Na ce, "Yawanci cewa suke, wallahi Malama ya kwana biyu ba ya jin daɗi."

Madam ta ajiye biro. Ta fara dariya a hankali, har kafaɗunta suna rawa, ni kuwa ina zaune tsuru ban ga abin dariya ba. Ta ce, "Sista, shekara da na zo Bauchi, na tafi gida Kirsimeti, na daɗe. Na dawo, maƙwabciyana ya ce, Madam, kwana biyu! Na ce a'a, ba kwana biyu ba, kwana arba'in da huɗu. Duka gida suka yi mini dariya. Har yau akwai tsofaffi a unguwa suna kirana Arba'in da Huɗu." Ta nuna doguwar sandar da yatsa. "Kwamfuta ba ya jin Hausa. Ni ma da ba na ji."

Sai muryar Gwaggo ta dawo mini, jiya-jiyan nan a bakin tanda, shekara uku ba ta gan ni ba tana ce mini kwana biyu, ni kuma ina amsa mata da kwana biyu. Na dafe kai. A cikin Hausa aka haife ni, da ita nake mafarki, na fi kowa sanin cewa in Bahaushiya ta ce abu ya kwana biyu to ya daɗe ke nan. Amma da na zauna a bayan tebur da biro a hannu, ga layi har waje, ga akwati a takarda yana jiran lamba, sai kunnena ya koma na kwamfuta. Wata shida mata suna gaya mini an daɗe, ni ina rubuta biyu. Abokiyata ta yi dariya har gyaɗarta ta zube a ƙasa, alhali ita ma ta ga takardun nan ba sau ɗaya ba.

Madam ba ta bar ni na yi murna ba. Ta ce wannan zato ne tukuna, kwamiti kuma ba ya karɓar zato. Ta tambaya ko akwai wani abu a takardar da zai yi shaida. Akwai tambayar da na sa a ƙasa, ban ma ɗauke ta da muhimmanci ba: ina da ina aka kai yaron kafin a zo wurinmu. Ta ware masu lamba biyu kaɗai, ta sa manhajar ta haɗa su da wannan tambayar a jadawali ɗaya. Sai ga da yawansu sun je kemis sun shanye magani, sun je wurin mai maganin gargajiya, wasu har wuri uku, duk a cikin abin da na rubuta kwana biyu. Madam ta ce wanda ya zauna a gindin bishiya ba zai ƙirƙiri takardun da suke ƙaryata kansu haka ba. A karon farko tun Juma'a na ja numfashi har ƙasan cikina.

Na ce to mu mai da biyun su zama bakwai mana, tunda mun san an daɗe. Ta girgiza kai. Ta ce in na yi haka ba ni da bambanci da mai shagon jiya, don a cikinsu akwai waɗanda biyun gaske ne, kuma ni ban san su waye ba. Hanya ɗaya ce: in koma in sake tambaya. Ba zan iya bin mata fiye da ɗari a kwanakin da suka rage ba, saboda haka za a ɗebi arba'in su wakilci sauran. Na fara lissafo waɗanda ke kusa da titi, ta tsayar da ni. "In ka zaɓa da kanka, ka zaɓi masu sauƙi, kuma masu sauƙi ba su ne kowa ba." Ta sa kwamfuta ta yi ƙuri'a, ta fitar da lambobin takardu arba'in. Na duba ƙauyukan, goma sha ɗaya a tsallaken rafi suke, ga damina. Hankalin da ya fara kwanciya ya sake tashi.

Da muka koma gida na sami Gwaggo tana tsince shinkafar masar gobe. Na ce, "Gwaggo, in mace ta ce yaro ya kwana biyu ba lafiya, kwana nawa ke nan?" Ta dube ni kamar na tambaye ta sunana. Ta ce, "Wa ya ƙirga, 'yar nan? Mai jinya tana ta kanta. In kina son sani, ce mata ranar da ya fara an ci kasuwa ko ba a ci ba, Juma'a nawa ta wuce yana kwance, an yi suna ko biki a gidan. Wannan ba ta mantawa." Na ɗauko biro na rubuta tambayoyin Gwaggo a bayan takardar ƙuri'ar Madam. Ta ce in dai wannan ne karatun da nake ta wahala a kai, ita ma a ba ta digirin.

Alhamis da safe a tasha, muna jiran mota ta cika, na kira malamina na zayyana masa komai. Sai ya ce, "Subhanallahi. Ni ma fa na karanta su, ban ji ba." Ya ce in yi abin da Madam ta ce, in rubuta kuskuren ɓaro-ɓaro a cikin babin sakamakon binciken, kada in ɓoye komai. Ya ƙara da cewa, "Ki kawo mini nan da kwana biyu mu gani." Na ce, "Malam, wane kwana biyun, na Hausa ko na kwamfuta?" Ya yi dariya, amma ya ce Litinin ɗin da aka yanka mini tana nan, ko yini ɗaya ba za a ƙara ba.

Ruwa ya raka mu daga Soro har Kari, direba yana goge gilashi da tsumma yana tuƙi da hannu ɗaya, ni ina rungume da jakata da ƙullin masar da Gwaggo ta ba ni. A wannan karon na ci masarar Darazo, har biyu. La'asar sakaliya muka shiga Misau, yara suka rugo suka karɓe masar, ba wanda ya tambayi jakar.

Kwana takwas na yi ina yawo a bayan babur, rafin nan na tsallaka shi sau huɗu da zane a ɗage da takardu a ka. A cikin arba'in na sami talatin da uku, sauran sun yi tafiya ko sun ƙaura, na bar gurabensu a buɗe yadda aka koya mini. Kaɗan daga ciki biyun gaske ne. Mafi yawa sun haura mako, kuma na tsallaken rafi sun fi kowa daɗewa. Na aika wa Madam sababbin lambobin ta waya, ta bi da ni mataki-mataki na yi lissafin da hannuna, kuma a wannan karon na san abin da nake dannawa. Na rubuta babin da kuskurena a cikinsa, na rubuta cewa an sake tambayar ne bayan watanni, don haka mantuwa tana iya shiga. Ranar Litinin malam ya sa hannu. Ya ce kwamiti zai yi tambayoyi, amma ba wanda zai ce na ƙirƙira.

Abin da na koyo a tafiyar nan, ga duk mai shirin zuba lambobi a manhaja: ka share bayananka kafin ka tambaye su komai, ka kalli hotonsu kafin ka kwafi jadawali, kada ka cike gurbi da abin da ba a gaya maka ba, kuma ka tuna kowace lamba magana ce da wani ya faɗa da bakinsa kafin ka mai da ita lamba. Manhajar ba ta yi mini ƙarya ba, abin da na ba ta shi ta lissafa.

Amma ba sa hannun malam ne ya tsaya mini a rai ba, takarda ta farko ce a jerin ƙuri'ar. Washegarin dawowata na je gidan, na sami matar tana surfe. Ta gane ni, ta shimfiɗa mini tabarma. Na ce, "Ranar da kika kawo ɗanki kin ce mini ya kwana biyu. Ranar da zazzaɓin ya fara, me ake yi a gidan nan?" Ba ta ko yi tunani ba ta ce ranar sunan 'yar ƙaninta ne, Juma'a, da yamma jikin ya yi zafi. Wata Juma'ar ta zagayo yana kwance. Sai Larabar da ta biyo baya ta samu mai kawo ta wurinmu. Na ƙirga a yatsuna, kwana goma sha biyu.

Na tuna ranar. Layi ya yi tsawo, na ɗauke shi a matsayin sabon zazzaɓi, na yi masa gwaji na ba su ƙwayoyi na sallame su. Da na ji goma sha biyu da sai na buɗe idonsa da tafin hannunsa da kyau in ga ko jininsa ya yi ƙasa, da a ranar zan tura su babban asibiti. Na tambaye ta yadda aka ƙare. Ta ce bayan kwana uku ya sanƙare musu, suka ɗauki mota zuwa gari, sai da aka ƙara masa jini. Ta nuna shi da haɓa, yana can bakin rumbu yana korar kaji, siriri, wuyan riga ya yi masa yawa. Ta ce, "Ai kin yi ƙoƙari Malama, Allah ya saka."

Na ɗora takardar a kan gwiwata na zaro biro. Ban ma goge biyun ba, ɗaya kawai na ƙara a gabanta.